SA WA TSOHON KEKEN TSERE FAFFAƊAR TAYA DOMIN HANYAR BURJI

An shirya wannan darasi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, gama su ne jama'a ke zuwa wa da tambaya, su ne kuma ke duba kuɗin da ake kashewa a kan abin hawan masinjoji da sauran ma'aikatan gunduma.

Cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan akwai wani iri mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, wanda ake kira keken tsere. Ba shi da nauyi, ga gudu, kuma sau da yawa ƙarfensa ya fi na sabon keke mai araha kyau. Amma domin kwalta mai laushi aka ƙera shi. Da zarar an sauka da shi kan burji sai ya soma jijjiga mahayinsa, ya nutse cikin rairayi, ya zame a kan tsakuwa, tayarsa kuwa kullum tana wurin mai faci. Ta haka ne keke mai kyau yakan ƙare a jingine cikin zaure, ƙura ta rufe shi.

Maganin wannan shi ne faffaɗar taya. Sai dai ba kowace taya ke shiga kowane keke ba, wanda kuwa ya saya kafin ya auna, ko dai ya yi hasarar kuɗinsa, ko ya hau keken da birkinsa ba ya kamawa. Don haka gundarin darasin nan magana ɗaya ce: awo tukuna, sa'an nan saye.

1. AMFANIN FAFFAƊAR TAYA

Iskar da ke cikin taya ita ce matashin da ke tsakanin mahayi da ƙasa. Yawanta kuwa ya fi faɗin taya saurin ƙaruwa, watau in faɗi ya ninka sau biyu, iska takan ninka wajen sau huɗu. Taya mai faɗin milimita 40 tana ɗauke da iska kusan ninki uku na mai faɗin milimita 23.

Siririyar taya tilas a cika ta da iska har ta yi tauri kamar dutse, in ba haka ba ƙarfen rim zai datse tiyub duk sa'ad da aka taka dutse ko bakin rami. Alamar irin wannan huji ita ce a ga ƙananan ramuka biyu daura da juna a jikin tiyub. Taya mai tauri kuwa ba ta lanƙwasa a kan tsakuwa, sai dai ta yi tsalle, kowane tsalle kuma yana cin ƙarfin mahayi, yana raba taya da ƙasa. Faffaɗar taya tana iya tafiya da rabin wannan tauri ko ƙasa da haka. Tana rungume tsakuwa ta wuce, tana shimfiɗuwa a kan rairayi maimakon ta yanka shi, tana kuma riƙe ƙasa a kwana da lokacin taka birki.

An daɗe ana zaton siririyar taya ta fi gudu a ko'ina. Gwaje-gwajen da mujallar Bicycle Quarterly ta Amurka ta soma bugawa a 2006 sun nuna cewa a kan hanya irin wadda mutane ke bi yau da kullum, faffaɗar taya mai laushin jiki ba ta gaza siririya gudu ba, a kan gargada ma ta fi ta. Har 'yan tseren Turai da ke cin abinci da keke sun bar milimita 23, yanzu yawancinsu 28 zuwa 30 suke hawa.

2. TAƘAITACCEN TARIHI

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1888 John Boyd Dunlop ya yi tayar iska a birnin Belfas. Sa'ad da aka fara babban tseren kewaya Faransa a 1903, yawancin hanyoyin da aka bi ba su da kwalta, tayoyin masu tseren kuwa sun fi na bayansu kauri. Daga wajen 1930 zuwa bayan 1950 maƙeran kekuna na birnin Faris, irin su René Herse da Alex Singer, sun shahara da kekunan doguwar tafiya masu wili da ake kira 650B, wanda ya ɗan fi na tsere ƙanƙanta amma tayarsa ta fi kauri. Da kwalta ta yawaita a Turai sai taya ta yi ta sirancewa, maƙera kuma suka yi ta matse jikin keke a kewayenta.

Daga baya sha'awar hawan hanyar tsakuwa ta dawo. A 1997 aka fara taron tsofaffin kekuna mai suna L'Eroica a kan fararen hanyoyin tsakuwa na lardin Taskani a Italiya. A 2006 mutum 34 suka fara tseren mil 200 a kan tsakuwa daga garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, wanda tun 2020 ake kira Unbound Gravel. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar duniya ta farko ta hawan tsakuwa a Italiya. Saboda wannan sha'awa ne masana'antu suka koma yin tayoyi masu faɗi da birki mai dogon hannu, waɗanda tsohon keke ke bukata.

Abin lura daga wannan tarihi shi ne, tsufan keke ba aibu ba ne a nan. Kekunan da aka ƙera kafin wajen 1980 galibi an bar musu fili domin murfin taya, don haka sun fi karɓar faffaɗar taya. Waɗanda aka yi bayan haka domin tsere zalla su ne suka fi matsi.

3. KARANTA LAMBAR TAYA

Lambar inci da ke jikin taya tana ruɗar mutane ƙwarai, gama sunan gargajiya ce, ba awo na gaskiya ba. Akwai tayoyi da yawa da ake kira inci 26 waɗanda ba sa shiga rim ɗin juna, kuma wilin inci 27 ya fi wilin da ake kira inci 29 girman rim. Lambar da za a dogara da ita ita ce wadda ake kira ETRTO ko ISO, wadda ake bugawa a gefen taya da lambobi biyu, kamar 23-622. Ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu kuwa faɗin da'irar rim ce a daidai inda bakin taya ke zama. Ana iya canja ta farko, amma ta biyu dole ta yi daidai da rim, ko milimita biyar ba a yafewa.

Ga waɗanda malami ya kamata ya rubuta ya ajiye:

635, ita ce 28 x 1 1/2, tayar dogon baƙin keke mai birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix.
630, ita ce 27 x 1 1/4 da 27 x 1 3/8, ta tsofaffin kekunan Ingila da Amurka da wasu na Japan.
622, ita ce 700C, ta yawancin kekunan tsere. A Turai akan kira ta inci 28, a keken hawan dutse kuma inci 29.
590, ita ce 26 x 1 3/8, ta kekunan gari na Ingila da na Japan.
584, ita ce 650B, ko inci 27.5.
559, ita ce inci 26 ta keken hawan dutse.

A lura da 635 da 622. Dukansu biyu ana kiransu inci 28 a kasuwa, amma akwai milimita 13 a tsakaninsu. In an sa ta 635 a rim na 622 za ta fita da ƙara da zarar an hura ta. Ta 622 kuwa ba za ta hau rim na 635 ba sam.

Akwai kuma wasu tsofaffin kekunan tsere waɗanda tayarsu ɗinkakkiya ce da tiyub a ciki, an manna ta a jikin rim da gam. Irin wannan rim ba shi da bango a gefe, ba ya karɓar taya ta yau da kullum, sai an canja wilin duka.

4. WURARE HUƊU DA AKE AUNAWA

Akwai wurare huɗu da taya ke wucewa kusa da jikin keke, wanda ya fi matsi a cikinsu shi ke yanke hukunci. Na farko, ƙarƙashin kan fok da tsakanin ƙafafunsa biyu. Na biyu, ƙarƙashin 'yar gadar da birkin baya ke ɗaure a jikinta. Na uku, tsakanin sanduna biyu na ƙasa da suka tashi daga gindin feda zuwa wilin baya, kuma a nan ne aka fi samun matsi. Na huɗu, bayan sandar da sirdi ke shiga.

Lalle a bar fili aƙalla milimita 4 a kowane gefe na taya, amma a ƙasar da ake taɓo da damina gara a bar 6. Dalili kuwa shi ne, laka tana taruwa a jikin taya, tsakuwa tana maƙalewa, wili kuma yakan ɗan karkace in sifok ya tsinke. In fili bai isa ba, taya za ta ci fenti, ta ci ƙarfe, dutse kuma yana iya shiga tsakanin taya da fok ya tsai da wilin gaba farat ɗaya, mahayi ya faɗi ta ka. Wanda ba shi da rula mai kyau yana iya gwadawa da alanki mai lamba 4 ko 6: in ya wuce ko'ina tsakanin taya da ƙarfe ba tare da ya maƙale ba, fili ya isa.

Ga yadda ake auna sandunan ƙasa. A cire wilin baya. Daga tsakiyar inda gatarin wili ke zama a auna milimita 340 zuwa gaba in wilin 622 za a sa, ko milimita 320 in 584 ne, a sa alama da alli. A nan ne cikin taya zai tsaya. Sa'an nan a auna faɗin da ke tsakanin sandunan biyu a daidai alamar, a debe milimita 12. Abin da ya rage shi ne faɗin tayar da keken zai ɗauka lafiya. Misali, in an sami 50, tayar 38 za ta shiga.

5. HANYOYI UKU NA YIN AIKIN

Hanya ta farko ita ce a bar wili yadda yake, a canja taya da tiyub kawai. Ita ta fi araha, da ita kuma ya kamata a fara. Keken 622 na da can yakan ɗauki milimita 28 ko 32, wani ma har 35. Keken 630 kuwa yana iya hawa 27 x 1 3/8, wadda ake samu a inda kekunan Japan suka yawaita. Ko daga 23 zuwa 32 kaɗai, iska ta kusa ninkawa, mahayi kuwa zai ji bambancin tun a mil na farko.

A wannan hanya sai a duba faɗin cikin rim, watau tsakanin bangonsa biyu. Rim mai milimita 13 bai dace da tayar da ta wuce 25 ba, mai 15 yana kaiwa 32, tayar 35 zuwa 42 kuwa tana son 17 ko 19 ko fiye. In taya ta fi ƙarfin rim, takan yi lilo a kwana in iskarta ta yi ƙasa.

Hanya ta biyu domin keken inci 27 ce: a cire wilin 630 a sa na 622. Bambancinsu milimita 8 ne a faɗin da'ira, watau bakin rim ya sauka da milimita 4 ke nan. Wannan ya ƙara fili kaɗan, ya kuma buɗe wa mai keke ƙofar tayoyi iri-iri, gama 622 ta fi 630 yawa a duniya. Sau da yawa tsohon birki yana isa, sai dai a sassauta noti a sauko da robar birki da milimita 4.

Hanya ta uku ita ce a cire wilin 622 a sa na 584. Ita ta fi tsada, ita kuma ta fi ba da fili. Lissafinta yana da sauƙi. Wilin 622 da tayar 23 tsayinsa 622 da 23 sau biyu, watau milimita 668. Wilin 584 da tayar 42 tsayinsa 584 da 42 sau biyu, watau milimita 668 cif. Ashe ke nan tsayin keke bai canja ba, ƙarfe aka rage, iska aka ƙara. Ban da haka, da yake ƙafafun fok da sandunan baya suna buɗewa ne wajen gatari, cikin taya ya sauko inda ya fi faɗi. Keken da a da ba ya ɗaukar fiye da 25 yakan ɗauki 35 ko 38 ta wannan hanya.

Gargaɗi biyu a kan 584. Yawancin wilin inci 27.5 da ake gani a kasuwa na keken hawan dutse ne mai birkin faifai, gefen rim ɗinsa ba a yi shi domin roba ta kama ba, tayarsa kuma ta wuce milimita 50, ba ta shiga keken tsere. Sai a nemi rim mai shafaffen gefe. Na biyu, kafin a kashe ko kwabo, a tabbata ana samun taya da tiyub na 584 a kasuwar da mai keke ke iya zuwa. Keken da ba a samun tayarsa kwanan zaure zai koma.

6. BIRKI

A nan ne rai yake, don haka ba a yin ganganci. Birkin keken tsere yana ɗaure ne da noti ɗaya a kan fok ko a gadar baya, hannuwansa biyu suna sauka zuwa gefen rim. Tsawon hannu shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar wannan noti da tsakiyar robar birki. Gajeren birki yana kaiwa daga milimita 39 zuwa 49, matsakaici daga 47 zuwa 57, dogo kuwa, irin Tektro R559, daga 55 zuwa 73. Tsofaffin birki masu waya a tsakiya, irin Weinmann da Dia-Compe masu lamba 750, suna kaiwa wajen 75, suna kuma buɗewa sosai taya ta wuce.

A auna tsawon da ake da shi yanzu, gaba da baya dabam dabam, sa'an nan a ƙara abin da rim zai sauka. Daga 630 zuwa 622 a ƙara 4. Daga 622 zuwa 584 a ƙara 19. Daga 630 zuwa 584 a ƙara 23. Misali, keken da birkinsa ke kamawa a 47, in an koma 584 zai bukaci 66, dogon birki zai isa. Wanda ke kamawa a 57 zai bukaci 76, ya wuce iyaka, sai a haƙura da hanya ta uku. Shi ya sa keken da ya fi matsi shi ne ya fi dacewa da 584, wanda kuwa da ma yana da fili bai bukace ta ba.

Robar birki dole ta zauna a kan ƙarfen rim dukanta. In ta haura ta taɓa taya, za ta yanke gefenta cikin 'yan kwanaki, taya ta fashe ana cikin tafiya. Kada a yarda a lanƙwasa hannun birki da guduma, ko a ƙara masa guntun ƙarfe da walda, domin ya isa. Dogon hannu kuma ya fi gajere rauni, saboda haka a sa sabuwar roba da sabuwar waya tare da shi. A sani kuma rim na ƙarfe mai ƙyalli ba ya kama birki da kyau in ya jiƙe, na alminiyam ya fi shi nesa, wanda ke canja wili sai ya zaɓi alminiyam.

7. TSAYIN FEDA DA FAƊIN BAYA

In tayar da aka samu a kan 584 ba ta kai 42 ba, keke zai ɗan sauka. Tayar 38 tana ba da tsayin 660, watau gatari ya sauka da milimita 4 in an gwada da 668. Tayar 32 kuwa tana ba da 648, gatari ya sauka da milimita 10. A auna daga ƙasa zuwa tsakiyar gatarin feda kafin aiki, a debe wannan. In abin da ya rage ya gaza milimita 260, hannun feda kuwa na 170 ne, feda za ta riƙa dukan ƙasa a kwana da kan tudu. Sai a nemi taya mafi kauri ko gajeren hannun feda.

Faɗin bayan keke, watau tsakanin kunnuwa biyu da gatarin wilin baya ke shiga, shi ma ya bambanta da zamani. Keke mai giya biyar a baya yana da milimita 120, mai shida ko bakwai 126, mai takwas zuwa sama 130, keken hawan dutse kuwa 135. Na gaba galibi 100 ne. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar tsohon hob, mai gyara ya saƙa sabon rim a kansa da sababbin sifok, gama tsofaffin ba za su yi daidai da tsawo ba. In kuwa wili aka sayo gaba ɗaya, jikin keke na baƙin ƙarfe yana yarda gwani ya buɗa shi a hankali daga 126 zuwa 130. Na alminiyam da na zaren kabon ba a buɗa su, tsagewa suke yi. Mayen ƙarfe shi ke raba gardama: in ya kama jikin keke, baƙin ƙarfe ne.

8. ISKA DA ƘAYA

Kuskuren da aka fi yi bayan an gama aiki shi ne a hura faffaɗar taya kamar siririya. Wanda ya yi haka ya zubar da amfanin duka. Tayar 23 tana son fam 100 ko fiye a ma'aunin mai faci. Ga mutum matsakaici a kan burji, tayar 32 tana son wajen 55 zuwa 65, tayar 38 zuwa 42 kuwa wajen 35 zuwa 45. A rage ta gaba kaɗan, gama nauyi ya fi yawa a baya. In an ɗora kaya a kariya, a ƙara ta baya. Kada a wuce iyakar da aka rubuta a gefen taya, balle a kan tsohon rim na ƙarfe wanda bakinsa ba shi da ƙugiyar riƙe taya. Irin wannan rim taya mai waya a baki kaɗai ya kamata a sa masa.

Tiyub ma yana da lambarsa. Siririn tiyub a cikin faffaɗar taya yana miƙewa ya yi rauni. A duba bawul kuma, gama ramin siririn bawul na Presta ya fi na irin mota ƙanƙanta, ba a kuwa faɗaɗa rami a siririn rim.

Faffaɗar taya tana rage datsewar tiyub, amma ba ta hana ƙaya ba. Tsidau da ƙayar aduwa suna nan a gefen hanya, musamman da kaka da rani. A zaɓi taya mai kaurin ciki, a bi sawun da aka riga aka taka, a kuma riƙa tafiya da famfo da faci da sholisho. A kan burji mai tauri taya mai ƙananan zane ta isa, manyan haƙora na taɓo ne, suna kuma cin fili.

9. KEKEN DA BA A KASHE MASA KUƊI

Kafin a fara komai a wanke keke a duba shi da rana. In an ga tsaga a mahaɗar sanduna, ko kumburi a ƙarƙashin sanda kusa da wuyan keke, ko fok ya lanƙwashe baya, to keken ya taɓa karo, gargadar burji kuwa za ta ƙarasa shi. In tsatsa ta huda ƙarfe, haka nan. Sa'an nan a yi lissafi. Hanya ta uku tana bukatar rim biyu, da sifok, da ladan saƙa, da birki biyu, da taya biyu, da tiyub biyu. In jimlar ta kai kuɗin keken hawan dutse na gwanjo mai lafiya, gara a sayi wancan. Haka kuma mai ɗaukar buhu ko jarkar ruwa, dogon baƙin keke shi ne nasa, gama domin kaya aka ƙera shi. Keken tsere da aka gyara na mai doguwar tafiya ne da kaya kaɗan, kamar masinja, da malamin gona, da malamin asibiti mai rangadi, da ɗan makarantar da ke zuwa daga nesa.

10. ABIN DA AKE SO GA HAKIMAI DA MALAMAI

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wa masu gyaran keke na gundumarsu wannan darasi, su kuma bar musu jerin lambobin nan shida a rubuce. Kowane keke na ofis a buɗe masa shafi a littafin kaya, a rubuta lambar rim ɗinsa, da faɗin da aka auna a wurare huɗu, da tsawon hannun birki na gaba da na baya. Kada a sa hannu a takardar sayen taya ko wili sai an gwada ta da wannan shafi. Bayan an gama aiki, a juya kowane wili a ga ba ya gogar komai, a matse birki a ga roba ta zauna a kan rim, sa'an nan a hau a fili a gwada tsayawa kafin a ba masinja ya kama hanya. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Wace lamba ce a jikin taya dole ta yi daidai da rim?
2. Me ya sa tayar 28 x 1 1/2 ba ta zama a kan rim na 700C?
3. An auna tsakanin sandunan ƙasa an sami milimita 44. Wace taya ce mafi faɗi da za a sa, in ana son fili na damina?
4. Birkin wani keke mai wilin 622 yana kamawa a milimita 52. Nawa zai bukata a kan 584, kuma wane birki zai isa?
5. Waɗanne alamu uku ne ke nuna keke bai cancanci gyara ba?